Na bar taba sigari, amma ƙiba da faɗuwar gaba sun sako ni gaba

Telan Unguwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko da karatu suka san shi ko kuwa sun taɓa shiga cikinsa. Na shafe fiye da shekara goma ina shan taba sigari, har na kai matsayin da nakan kusan ƙarar da kwali guda a wuni. Yanzu ina cikin wata na biyu da Allah Ya ba ni ikon ajiye ta, kuma alhamdu lillahi tari ya ragu, numfashi ya sake, sai dai abubuwa biyu sun taso mini waɗanda ban yi zato ba. Na farko shi ne ƙiba. Sana'ata ɗinki ce, wuni nake yi a zaune a kan keke, kuma tun da na bar taba bakina ba ya hutawa, daga alewa sai biskit sai lemon kwalba, har wandunan da na ɗinka wa kaina sun soma matse ni. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne gabana yakan faɗi ba gaira ba dalili, zuciyata ta riƙa bugawa da sauri, barci ba ya zuwa sai dare ya raba, kuma abu kaɗan ya isa ya sa in yi wa yaran shago tsawa. Domin danne sha'awar taba na ƙara yawan shayi da Nescafé, goro kuma ba ya barin aljihuna. Wani abokina ya ce in riƙa shan kara ɗaya ko biyu a rana, wai hankalina zai kwanta, ƙibar ma ta tsaya. Shin wannan hali yana wucewa, ko haka zan dawwama?

Maman Hanifa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ƙara maka ƙarfin hali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan fara da batun faɗuwar gaba, domin akwai wani abu a cikin bayaninka da ya ja hankalina. Wahalar rabuwa da nikotin (sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum), wato saurin fushi da rashin natsuwa da rashin barci, takan fi tsanani a makon farko, sannan ta yi ta raguwa cikin mako 2 zuwa 4 ga mafi yawan mutane. Kai kuwa ka shiga wata na biyu amma zuciyarka na ci gaba da bugawa, don haka ya kamata a duba wani dalili ban da nikotin, kuma ina kyautata zaton yana cikin kofinka da aljihunka.

Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa kawar da sinadarin kafeyin daga jini da sauri. Idan mutum ya daina shan taba, hantar sai ta koma aikinta na asali, kafeyin ya daɗe a jiki, ta yadda kofi ɗaya da ka saba sha zai yi maka aiki fiye da yadda yake yi a da. Shayi da Nescafé da goro duk suna ɗauke da wannan sinadari, haka ma wasu lemukan kwalba masu baƙin launi da lemukan ƙara kuzari. Kai ba ka tsaya a yadda ka saba ba, ƙari ka yi. Alamomin yawan kafeyin kuwa su ne waɗanda ka lissafa: bugun zuciya, rawar hannu, fargaba da ƙauracewar barci.

Game da shawarar abokinka, kwanciyar hankalin da mashayi yake ji bayan ya zuƙi taba ba magani ba ce, sauƙi ne na ɗan lokaci daga ƙuncin da ƙarancin nikotin ya haifar tun bayan karan da ya gabata. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta buga a 2014, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa waɗanda suka daina shan taba sun samu raguwar fargaba da damuwa idan aka gwada su da waɗanda suka ci gaba.

Ƙiba kuwa gaskiya ce, ba ƙorafin banza kake yi ba. Nikotin yana rage sha'awar abinci kuma yana ɗan ƙara saurin yadda jiki ke ƙona abin da aka ci, sannan bayan barin taba ɗanɗano da jin ƙamshi suna dawowa, abinci ya ƙara daɗi a baki. Wani nazarin da wannan mujalla ta buga a 2012 ya gano cewa matsakaicin ƙarin nauyi shi ne kilo 4 zuwa 5 bayan shekara guda, kuma mafi yawansa yana zuwa ne a watanni 3 na farko. Wasu sukan wuce kilo 10, wasu ma ramewa suke yi. Ke nan kana tsakiyar lokacin da abin ya fi sauri, ba haka zai yi ta hawa har abada ba.

Ɗan Damagaram:

Ɗan'uwa, ni ma na bi ta wannan hanya shekarun baya, kuma abin da Maman Hanifa ta faɗa game da shayi ya yi daidai da abin da na gani, domin mu a nan zaman shayi zagaye uku ne, kowanne da sukarinsa, kuma a wannan zama ne aka fi kunna taba. Abin da ya taimake ni shi ne fahimtar cewa baki da hannu ne suke neman aikin yi, ba ciki ba. Na maye gurbin alewa da asuwaki, na ajiye gorar ruwa kusa da ni, idan kuma dole sai na tauna wani abu, sai in nemi karas ko kokwamba ko yalo. Sha'awar taba idan ta taso ba ta wuce 'yan mintoci, saboda haka nakan tashi in yi alwala ko in zaga bayan gida har ta lafa. Kai da kake wuni a kan keke, ka sanya wa kanka tafiya a ƙafa bayan la'asar ko bayan isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwana biyar. A ra'ayina ka yanke sukari baki ɗaya tun yanzu, ka rage tuwon dare, ka kama azumin Litinin da Alhamis, kafin teɓa ta zauna da gindinta.

Baban Sadiq:

Na yarda da batun asuwaki da tafiya, amma ban goyi bayan a ɗora wa wannan bawan Allah takunkumin abinci a yanzu ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin da yake fama da ƙishin taba, idan aka haɗa masa da yunwa, fushinsa ƙaruwa zai yi, kuma ranar da ya gaji ba ga tuwo zai koma ba, ga taba zai koma. Na ga haka ga ƙanina, wanda ya haɗa barin sigari da horon ciki, ya ƙare ya rasa duka biyun. Lemon kwalba da alewa dai a ajiye su, domin ba su ƙosar da kowa, amma ya ci abincinsa sau uku ya ƙoshi, ya yawaita wake da ganye da kifi, idan ƙafarsa ta tsaya daram bayan wasu watanni sai ya waiwayi kilo ɗin da suka ƙaru. Kilo biyar da sigari ba a mizani ɗaya suke ba.

Akwai kuma abin da nake so in ja kunnenka a kai, Malam Tela. Za ka samu masu ce maka ka koma shisha ko taba gari, wai sun fi sauƙi, alhali duk taba ce kuma duk nikotin ne. Haka nan kada ka shiga kemis ka sayi ƙwayar barci ko ta kwantar da hankali da kanka, domin wasunsu suna kama mutum fiye da yadda sigari ta kama shi, kuma magungunan rage ƙiba da ake tallatawa a kasuwa da intanet ba ka san abin da aka zuba a cikinsu ba.

Telan Unguwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ko kusa ban taɓa kawo goro da shayi cikin lissafi ba. Maman Hanifa, shin in yanke su gaba ɗaya ne daga gobe? Sannan na ji ana maganar cingam da filasta na nikotin, na taunawa da na liƙawa a fata, ko suna da amfani ga wanda ya riga ya yi nisa kamar ni?

Maman Hanifa:

Kada ka yanke lokaci ɗaya, Malam, domin barin kafeyin kwatsam yana kawo ciwon kai da kasala, kuma za ka iya ɗora laifin a kan rashin taba. Ka fara da rage abin da kake sha zuwa rabi, ka bar Nescafé tukuna tun da ya fi shayi ƙarfi, kuma daga azahar zuwa dare kada ka sha shayi ko ka ci goro, sai ka lura da barcinka na mako ɗaya ko biyu.

Cingam da filasta magunguna ne na gaskiya, kuma suna cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojin da ta fitar a 2024, tare da ƙwayoyin varenicline da bupropion da cytisine waɗanda galibi sai likita ya rubuta. An fi fara cingam da filasta a ranar da aka bar taba. Kai da jikinka ya riga ya yi makonni ba nikotin, ba lallai ne ka buƙaci filasta ba, amma idan sha'awar tana rinjayarka har kana jin za ka kunna kara, cingam ya fi karan nesa ba kusa ba, sai ka nemi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya nuna maka yadda ake amfani da shi.

Ina kuma so ka je asibiti a auna maka hawan jini da sukari, musamman idan akwai mai ciwon sukari a danginku, tun da nauyi na ƙaruwa. Idan kana shan wani magani na kullum, kamar na asma ko na ƙwaƙwalwa, ka sanar da likita cewa ka bar taba, domin wasu magungunan ma suna daɗewa a jini kamar yadda kafeyin yake yi, kuma akan buƙaci a rage adadinsu. Idan ka rage shayi da goro amma fargabar ba ta sassauta ba bayan 'yan makonni, ko ta hana ka aiki, ka faɗa masa ƙarara, domin wani lokaci damuwar tana nan tun da can, taba ce ta lulluɓe ta, kuma tana da magani. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko jiri tare da bugun zuciya kuwa ba abin jira ba ne, a ranar za ka tafi asibiti.