Ƙarfen da aka sa wa Yayana a ƙugu ne yake taɓa masa ƙoda?

Ƴar Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Yayana mai sikila ne, kan ƙashin cinyarsa na hagu ya mutu, aka kai shi Indiya a 2009 aka canja masa gaɓar ƙugun. Tun daga nan ya ajiye sanda, har babur yake hawa. To watan jiya ƙafafunsa suka fara kumbura, sau-ciki ya daina shigarsa, fitsarinsa kuma sai kumfa kamar an kaɗa omo. Likita ya ce kiriyatinin ɗinsa, wato abin da ake aunawa a jini don a san aikin ƙoda, ya ɗan hau. Hajiyarmu ta kafe wai ƙarfen ne ya yi tsatsa, a je a cire. Da gaske yana shiga jini ya kashe ƙoda?

Nas ɗin ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ba tsatsa ba ce, amma Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba. A shekarun nan an yi yayin gaɓar da ƙwallon da kwaskon duk ƙarfe ne, haɗin kobalt da kuromiyam, kuma matasa aka fi sa wa don ana ganin za ta daɗe. Duk takun da mutum ya yi suna gogar juna, ɗan garin ƙarfen da ke fita ya shiga jini. Kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na irin wannan gaɓa mai suna ASR a Agustan 2010, bayan an sa wa mutum wajen 93,000 a duniya, kusan 4,700 a Indiya.

To ƙoda ce ke tace wannan ƙarfe ta fitar da shi ta fitsari. Binciken da ya bi masu lafiyayyar ƙoda har shekara goma bai nuna ya lalata musu ita ba. Matsalar ta ƙofar baya take shigowa: in ƙodar ta raunana saboda wani dalili, sai ƙarfen ya taru. Shi ya sa tun asali ba a sa irin wannan gaɓa ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Kobalt in ya yi yawa, zuciya da ji da gani da maƙoƙo ya fi taɓawa.

Ku fara lalubo takardar aikin. In ƙwallon tangaran ne ko kwaskon na roba, maganar ta ragu ƙwarai.

Baban Ƴan Biyu:
Ƙanwata, ni tambaya ɗaya gare ni: me yake sha in ciwo ya taso? Don na san ƴan sikila da diklofenak da ibuprofen, a aljihu suke kwana. Waɗannan suna cin ƙoda a hankali, ita kanta sikilar tana sa furotin ya riƙa zuba a fitsari, kumfar da kika gani ke nan. Ga hawan jini. Kar a tsaya kallon ƙugu ɓarawo yana cikin ledar kemis.

Ƴar Gwammaja:
Wallahi Baba kamar kana gidan. Diklofenak kati-kati yake saye. Takardun kuma suna cikin akwatin Hajiya, yau zan zazzage shi.

Nas ɗin ƙashi:
Yauwa. In ta tabbata ƙarfe kan ƙarfe ne, a gwada kobalt da kuromiyam a jini. A Birtaniya, in ɗayansu ya kai maikurogiram 7 a lita ake ƙara sa ido, a maimaita gwajin, a ɗauki hoton ƙugun a ga ko nama ya kumbura a gefen gaɓar. Ba kowane lab ke yin sa ba, kuma kwalbar ɗibar jinin ta musamman ce, ku tambaya kafin ku biya. Cirewa babban aiki ne, ballantana ga mai sikila, ba a yin sa don tsoro kawai. Amma ganin likitan ƙoda kada ya jira sakamakon nan, ku kai shi cikin makon nan da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.