Amarya ta shiga shafa man haɗi da shan "sha ka fashe", ta yaya za ta daina kafin biki?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar magani da ta fata. Yarinya ce 'yar shekara 22, saura wata uku bikinta. Tun ranar da dangin saurayi suka zo ganinta wata a cikinsu ta ce "tubarkalla, sai dai baƙa ce, ga ta kamar a hure ta faɗi", ta fara shafa man haɗi na kwalba marar suna, yau wata takwas. Wata huɗu da suka wuce ta ƙara da maganin ƙiba, wata 'yar ƙwaya da wani na ruwa. Yanzu fuska ta yi suntum, ga ƙuraje, ga nankarwa a cinya da hammata, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, al'ada ta rikice. Tana so ta daina. Wanne za a fara bari? Launinta zai daidaita kafin biki? Kuma me za a ce wa dangin miji?

Mai Kemis:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ta zubar da ƙwayar nan yau. Maganar za ta zo wa mutane banbaraƙwai, amma cikin duk abin da kika lissafa, yanke ƙwayar farat ɗaya ne zai iya kwantar da ita rai a hannun Allah cikin 'yan kwanaki.

Sha ka fashe yawanci abu biyu ne. Na ruwan galibi cyproheptadine ne, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa, yana buɗe ciki ya sa barci. Wannan ana iya ajiye shi. 'Yar ƙwayar kuwa kusan kullum dexamethasone ce, mai miligiram 0.5, wadda ake cewa deksa. Sitiroyid ce, wato maganin da ke kwaikwayon wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin kotisol, shi ke riƙe da jini da suga, musamman in jiki ya shiga wahala. Ƙwaya ɗaya da rabi ta deksa ta kai kimanin abin da jiki ke samarwa da kansa a yini. In an wuce mako uku ana sha kullum, sai halittun nan su yi kwance tunda ana kawo musu daga waje. Ranar da aka yanke, babu na waje babu na ciki: kasala, jiri, amai, ciwon ciki, jini ya yi ƙasa, suma. In zazzaɓin cizon sauro ya faɗo a wannan tsakanin, abin ya fi muni.

Ta ci gaba da shan adadin da ta saba, ba ƙari, ta ga likita cikin makon nan da kwalin maganin da kwalbar man duka. Ta faɗi gaskiyar ƙwaya nawa take sha a yini, don a kan wannan adadin za a tsara ragewa, mataki-mataki, mako bayan mako. Ga wadda ta yi wata huɗu, saukowar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ba zan rubuta adadi a nan ba, gudun kada wata ta ɗauka ta auna da kanta. A duba mata hawan jini, sugan safe kafin ta karya, da fitsari. In a Kano kuke, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, to a haɗa da waɗannan a tafiya ɗaya, ba mai tambayar me ya kai ta asibiti. Kuma har shekara guda bayan ta daina, duk likitan da zai yi mata tiyata ta gaya masa ta taɓa shan sitiroyid na dogon lokaci.

Abin takaicin, deksa ba ta ma ba da surar da ake nema. Ruwa take tarawa, ta kai kitse fuska da ƙeya da tumbi, ta cinye tsokar cinya da ta mazaunai. Ana neman ƙugu, sai a samu kumatu. Bayan nan ga suga, hawan jini, gyambon ciki, gashi a haɓa, yanar ido, da mutuwar kan ƙashin ƙugu, wanda mai sikila ta fi kowa haɗarinsa.

Nas ta Fata:

Bayanin Mai Kemis ya yi. Abin da zan ƙara: likitan ya san da man, domin shi ma yana ratsa fata ya shiga jini ya yi irin aikin ƙwayar.

Abubuwan da aka fi tsoro a man haɗi uku ne. Akwai sitiroyid na shafawa, a jikin tub za ki ga clobetasol ko betamethasone, har da waɗanda ake sayarwa da sunan maganin ƙuraje da ƙyasbi. Clobetasol magani ne na mako biyu zuwa huɗu, a wurin ciwo kaɗai, kada a wuce giram 50 a mako. Shafe jikin babba sau ɗaya kuwa yana cin giram 20 zuwa 30. Shi ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, shi ke kawo nankarwa mai faɗi, ƙuraje, makero da ba ya jin magani, da ciwon da ba ya saurin haɗewa. Masu ɗinkin tiyatar haihuwa sun san wahalar irin wannan fata. Na biyu hydroquinone, wanda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa. In mai ya fara rikiɗa zuwa ruwan ƙasa a bakin kwalba bayan an buɗe, alamarsa ke nan. Daɗewa a kansa tare da shiga rana yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda ya fi asalin launin duhu kuma da wuya ya fita. Na uku makuri, ana rubuta shi mercury ko calomel, in ma an rubuta. Shi ƙoda yake taɓawa: fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da fatar ido, rawar hannu. Yana bin tawul da zanen gado ya kai ga yara, yana kai wa ɗan tayi, yana fita a nono. Ba a banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Tunda ba a san abin da ke cikin kwalbar ba, ba a rage ta, ajiye ta ake yi. Sai likita ya maye gurbinta da sitiroyid mai sauƙi wanda aka san ƙarfinsa, kamar hydrocortisone kashi 1 cikin 100, a riƙa tsallake rana, daga baya sau biyu a mako, har a bari. In ba haka ba fuska takan ɗauki zafi da ja da saɓa, kuma a daidai nan mata da yawa ke komawa ruwa, su ce ai man ne ke musu magani. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

A gida: sabulu marar ƙarfi, ba dirza da soso. Man kaɗanya ko basilin tun jiki da danshi. Man kariyar rana mai lamba 30 ko sama a fuska da wuya da bayan hannu, kullum da safe, a sake da azahar. Hijabi ya rufe jiki amma ya bar daidai wuraren da suka fi ƙonewa, don haka lema ba gayu ba ce a wurinta.

Gyaran jikin amare fa, a kula. Halawa kan ɗaye fatar da ta yi siriri. Dilka a tambayi abin da aka zuba a ciki, don wasu suna ƙara man bilicin saboda a ga aikinsu cikin mako guda. Baƙin lalle mai dayis yana ƙona irin wannan fata, a tsaya ga ja.

Batun launi, ba zan yi miki daɗin baki ba. Mako biyu zuwa huɗu na farko su ne mafi muni, za ta iya yin duhun da ya fi nata na asali, kuma dabbare-dabbare. Daidaituwa kan ɗauki wata uku zuwa shida. Nankarwa takan dushe amma ba ta ɓacewa. Ranar biki za ta kasance baƙa mai lafiyar fata, ba fara ba. Gara kowa ya san haka tun yanzu.

Gwaggon Amare:

To a nan tambayar Hajiya ta uku ta shigo, kuma in ba a amsa ta ba, wahalar asibitin banza ce. Yarinya za ta daina, a kawo lefe, a buɗe akwatin kayan shafa a tarar da mayukan nan jere. Wa ya sayo? Yayyen ango da ƙannensa, su da suka yi maganar farko.

Ba yarinya ce za ta yi magana ba, ba kuma mahaifiyarta ba, kunya ba za ta bari ba. Gwaggo ko wata babba da ake jin nauyinta ita za ta je wurin mahaifiyar ango tun ba a shiga kasuwa ba. Ba ƙorafi za ta kai ba, kuma ba sai ta tona wa yarinya asiri ba. Ta ce likita ya hana ta duk wani mai na haske, ga sunayen waɗanda za a saya, ko a ba da kuɗin kayan shafa a hannu. Ba a musu da maganar likita. Shi kuma ango amarya ta gaya masa da bakinta cewa launin da ya fara ganinta da shi zai dawo. Aikinsa ne ya tsawatar wa 'yan'uwansa, kalma ɗaya daga bakinsa ta fi aike goma.

Mai kwalliya a ce mata hoda daidai da launin wuya. Mai hoto a ce kada ya ƙara haske. Hoton biki ne ake ratayewa a falo, in an mai da ita fara a ciki, ta shiga bin wata mata da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Mu mata mu daina wanke kanmu. Mu ne masu cewa farar mace alkyabbar mata. Mu ne in amarya ta zo ganin gida muke duba ko ta yi ɓulɓul, in ba ta yi ba mu ce ba ya ciyar da ita. Ango kuwa ya zo da tumbi a ce hutu ne, ya zo a rame a ce neman na kai ne, baƙinsa ba wanda ya taɓa kawo shi a zancen sa rana.

Malamin Zaure:

Gwaggo, a gafarce ni, kin ɗauke wa maza kaya da yawa. "Fara ko mayya ce" a majalisar maza ake faɗinta, kuma 'yan mata suna ji. Matar aure da ke shafe-shafe bayan haihuwa uku ba tsoron dangin miji take ba, tsoron launin wadda za a ƙaro take. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin launuka cikin ayoyin Allah, aya ta 11 a Hujurat ta hana izgili, ta ambaci maza daban, mata daban. Shari'a ta ba mai neman aure damar ya ga wadda zai aura. Ya gani ya ce ya ji ya gani, to sake duba launi ba hurumin danginsa ba ne, kuma waliyyi yana iya faɗa wa wakilan ango haka cikin raha.

Mai Kemis:

Na manta da zancen ramar. A fara auna ko ma akwai ta. Ana auna nauyi ne gwargwadon tsawon mutum. Mai tsawon mita 1.60, daga kilo 47 da ɗoriya zuwa kusan 64 duk lafiya ne. Da yawa cikin waɗanda ake cewa a hure su faɗi suna cikin wannan iyakar. In ta gaza, ko tana ramewa ba dalili, a duba tarin fuka, suga, maƙoƙo mai guba, tsutsar ciki da ƙanjamau kafin a yi zancen abinci.

In ba ciwo, ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 300 zuwa 500 a yini kan ba da kwata zuwa rabin kilo a mako. Cikin tafin hannu na gyaɗa kusan 170 ne, ƙwai ɗaya kusan 75, babban cokali na man gyaɗa a kan wake kusan 120. A ƙara kofin fura da nono ko kunun gyaɗa tsakanin abinci, ba a madadinsa ba. Amma a jira sakamakon suga kafin a buɗe mata dabino da zuma.

Ta riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe. Nauyi zai fara sauka yayin da ruwan deksa ke fita, fuska ta saɓe, kada wannan ya firgita kowa. Saboda haka ne ma kada tela ya yanka kayan fitar biki sai saura wata guda.