Mene ne ma'anar "rip off" a bakin masu ciniki da Turanci?

Mai turare, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon turare a kasuwar Balad, kuma lokacin Umara muna samun baƙi da yawa daga Ingila da Amurka. Idan na faɗi farashi, wasunsu kan juya su ce wa juna "it's a rip-off", wani kuma yakan ce mini ido da ido "you are ripping me off". Na san "rip" yagewa ce, amma ban ga abin da ya haɗa yaga da kwalbar turare ba. Ina roƙon malamai su fayyace mini ko zagi ne ko kuwa salon tayi ne kawai.

Malamin Turanci, Madina:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan aka haɗa "rip" da "off" a maganar yau da kullum, ma'anar takan bar yaga ta koma cuta, wato a tsauwala wa mutum farashi ko a damfare shi. Kalmar ta yaɗu ne daga Turancin Amurka a shekarun 1960, kuma ana amfani da ita har ga wanda ya kwaikwayi aikin wani ya ce nasa ne. Maganganun biyu da ka ji ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ce "it's a rip-off" yana kukan tsada ne, kamar yadda mu za mu ce kayan nan bai kai kuɗinsa ba, amma wanda ya dube ka ya ce "you are ripping me off" ya ɗora maka laifin ha'inci, kuma ina ganin ya kamata ka tsaya ka bayyana masa dalilin farashin cikin natsuwa.

Wata ɗaliba, Makka:
Malam ya gama magana, sai dai zan ƙara batun jeren kalmomi, domin nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, a ce "he ripped me off", ba a cewa "he ripped off me". Wanda aka cuta kuwa yakan ce "I got ripped off".

Wani magidanci, Riyad:
Allah ya ƙara basira, Malam, amma ni ina ganin kada ɗan'uwanmu ya ɗauki abin da zafi. Yawancin waɗannan baƙi sun saba da shagunan da farashi a rubuce yake, ba su saba da a taya a ce albarka ba, saboda haka suna jin riyal ɗari biyu sai su zaci an yi niyyar cutarsu. Abin da zan ja hankali a kai shi ne kada a sa wannan kalma a takardar koke ko wasiƙar ofis, domin a can "overcharge" ake rubutawa idan farashi ne ya wuce kima, "defraud" kuma idan zamba ce.