Salansar 350Z: wacce za ta iya da hanyar ƙauye?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Nissan 350Z ce a hannuna, ƙirar 2004, 'yar Kwatano. Tukunyar salansarta ta baya ta huje, hayaƙi na fita ta gefe. To tunda canji ya zama dole, ina so in saka wadda za ta ba ta murya mai daɗi. Ƙauyenmu ta wajen Ringim yake, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa gida burji ne. Wani ya ce in sare komai, a saka mini miƙaƙƙen bututu tun daga inji. Me kuka gani?

Oga Sale Bakanike: Wa alaikumus salam, Nura. Wanda ya ba ka wannan shawarar, ka tambaye shi ina zai kai katalis ɗin, wato abin da ke rage gubar hayaƙi a cikin salansa, bayan an sare. Shi ne abin da yaran gareji ke kira indomi, kuma akwai masu saye saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa: filatinam, faladiyam da rodiyam. Motarka guda biyu take da su, ɗaya a kowane ɓangaren inji, don V6 ce. Idan aka cire, kai ka tafi da bututu fanko, wani ya tafi da kuɗi. Ka bar duk abin da ke tsakanin inji da katalis yadda kamfani ya yi shi, ka canza daga nan zuwa baya. Muryar da kake nema a can take.

Bashir: Amma Oga, ai ana cewa cire shi yana ƙara wa mota ƙarfi, kuma yana rage shan mai.

Oga Sale Bakanike: Bashir, wanda ya toshe ne in an cire za ka ji mota ta saki jiki, domin dama shaƙe ta yake yi. Cikin katalis ƙananan huje-huje ne kamar saƙar zuma. Idan inji ya daɗe yana tura ɗanyen mai, misali fulogi ya mutu aka ci gaba da tafiya, sai cikin ya narke ya rufe hanyar hayaƙi. Wannan kam magani sai canji. Amma mai lafiya ba shi ke shan mai ba. Motar nan sansa huɗu ne masu auna hayaƙi a salansarta, biyu kafin katalis, biyu bayansa. Na gaban su ne ƙwaƙwalwar mota ke dogara da su wajen auna mai, na bayan kuma lafiyar katalis suke dubawa. Kana cirewa wutar cek za ta kunnu, a sa kwamfuta a ga lambobin matsalar katalis, P0420 da P0430. Wutar ba za ta mutu ba kuma, sai ido ya saba da ita, ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba za ka sani ba. Ga warin hayaƙi da ke biyo ka duk inda ka tsaya. Sannan shi wannan inji na VQ35, in babu katalis ƙararsa kaushi take yi idan an taka totur, daɗin ma ya tafi.

Injiniya Mustapha: Na goyi bayan Oga. Kuma Malam Nura kada ka sa rai da wani ƙarfi mai yawa. Motarka ta fito da ƙarfin doki 287, canjin salansar baya ba zai ƙara mata abin da za ka ji a jikinka ba. Murya kake saye, sai ɗan ragin nauyi.

Cikin waɗanda aka ƙera wa 350Z, Invidia Gemini ce zan fara ambata, don an san ta da zurfin murya ba tare da yawan damuwa a cikin mota ba. Akwai ta HKS da ta Borla, duka masu kyau ne. Tomei Expreme Ti ta titaniyam ce, baki ɗaya gare ta, ba ta da nauyi, amma ƙararta ta filin tsere ce, ban ga wurin zamanta a ƙauye ba.

Abin da na fi so ka kula da shi, wanda masu sayarwa ba sa faɗa, shi ne gunjin da ke cika cikin mota idan allurar da ke nuna juyawar inji ta zauna tsakanin 2,000 da 3,000. A nan kuwa za ta zauna in ka hau titin Kano ka saka giyar ƙarshe. A bidiyon waya ba a jin sa. Mutum yana tsaye a bayan mota ya ji daɗi, amma wanda ke ciki, gilashi a rufe, kafin ya isa Gezawa kansa ya fara sarawa, magana da na kusa ma sai da ɗaga murya. Maganinsa ƙaramar tukunyar tsakiya, wadda ake kira rezonata. Duk salansar da za ka saya ka tabbata tana da ita. Kada kuma a ruɗe ka da faɗin bututu. Injinka ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, in bututu biyu ne inci 2.5 kowanne ya wadatar. Ya wuce haka hayaƙi ya rage sauri, motar ta yi nauyin tashi.

Nura: Allah Ya saka da alheri, Injiniya. A Kano ana samu, ko sai an yi odar waje?

Kabiru Ƙofar Ruwa: Sabuwa fil ta waɗannan kamfanoni da wuya ka shigo kasuwa ka tarar da ita a rataye, sai dai oda, kuma kuɗinta da dala yake tafiya. Abin da ake dacewa da shi shi ne ta beljiyam, wadda ta zo a jikin motar da aka yanka. In ba mu da ita a nan mukan buga wa abokan hulɗa a Ladipo ta Legas. Ka ba ni lokaci in bincika.

Amma ka ji wannan da kyau. Akwai tukwane masu ƙyalli da aka buga wa sunan manyan kamfanoni, bakinsu shuɗi-shuɗi, ba na ainihi ba ne. Ka ɗauka a hannu za ka ji ba nauyi, ƙarfen siriri, waldar kuma an shafe ta da fenti. Ka zo da maganaɗisu a aljihu. Sitenles, wato ƙarfe mai jure tsatsa, mai lamba 304 ba ya kama shi sai kaɗan-kaɗan a wajen lanƙwasa, mai lamba 409 yana kamawa, kuma shi ma ba laifi, sai dai yana yin ja a sama. Wanda ya ce maka 304 ne, ka ga maganaɗisu ya manne ƙam a jikin tukunya, ka ajiye masa abinsa. Ta ainihi, ka duba ɗinkin waldar, jere yake ɗaya bayan ɗaya, ba guda-guda ba. Araha ba ta ado.

Sannan kada a ba ka ta Infiniti G35 mai ƙofa biyu a ce ai injinsu ɗaya. Injin ɗaya ne, amma G35 ta fi tsawo, bututun ba zai zauna ba sai an yanka.

Malam Habu: Nura, ɗana, ni ban san kan inji ba, amma na san ƙauye. Gidajenmu katanga ɗaya ce ta raba su. Akwai jarirai, akwai tsofaffi marasa lafiya, akwai shanu da tumaki a turke, ga dawakan da ake ɗaurewa a ƙofar gida. Mun ga yadda yara ke cire wa babur salansa ranar biki, dabba ta firgita ta tsinke igiya, a wuni ana nema. Taka kuwa kullum za ka tayar, wata rana da asuba, wata rana ka dawo bayan isha'i mutane sun kwanta. Mota taka ce, babu mai hana ka gyara ta, amma maƙwabci yana da haƙƙi a kanka. Ka zaɓi wadda za ka iya shiga gari da ita ba tare da an san wucewarka daga masallaci ba.

Nura: Gaskiya ne, Baba. In sha Allahu zan kiyaye.

Injiniya Mustapha: Maganar Malam ta tuna mini. Akwai tukunya mai bawul, tana zuwa da ɗan rimot. Ka rufe, hayaƙi ya bi ta cikin tukunya, mota ta yi laushi. Ka hau kwalta ka buɗe. Kuma injin nan ya fi ƙara a tashin farko da safe, don yana ɗaga kansa har ya ɗumama, to daidai lokacin ne za ka so ta a rufe.

Ɗanladi Direba: Injiniya, a nan ban bi ka ba. Wannan bawul ɗin ƙaramar motar lantarki ce ke juya shi, kuma a ƙarƙashin mota take zaune. Ka san ƙurar burjinmu da rani, ka kuma san damina a yankin Ringim, wani wurin sai ka ratsa ruwa. Na ga irinta a motar wani, ta maƙale a buɗe bayan damina ɗaya, ga shi babu mai kayanta a kusa. Gara ya sayi tukunyar da dama muryarta matsakaiciya ce, ba abin da zai lalace.

Abin da ya fi damuna ma tsayin ƙasa ne. Wannan mota dama a kwance take. Burji kuwa, inda manyan motoci da amalanke suka bi, tayoyi na faɗawa rami, tsakiya ta yi tudu. Duk salansar da ta sauko ƙasa da ta asali ko da yatsa biyu ne, wannan tudun zai ci ta, haka tudun rage gudu da ke cikin garuruwa. Nura, kafin a kwance tsohuwar ka sa a auna daga ƙasa zuwa inda ta fi saukowa, a rubuta. Sabuwar kada ta gaza haka. Kuma yanzu da ake girbi, kada ka ajiye ta a kan kara ko busasshiyar ciyawa bayan doguwar tafiya. Katalis yana zafin da zai iya tayar da wuta.

Injiniya Mustapha: Akwai masu bawul ɗin da iskar inji ke ja, ba lantarki ba, sun fi juriya. Amma a kan tsayin ƙasa na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Anti Rabi: Ni a asibiti nake aiki, don haka hujin da ka ce ya fi ɗaukar hankalina. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da jin barci su ne alamunta na farko. Har a gyara, kada ka zauna a ciki inji na aiki gilashi a rufe, kada kuma ka bar ta a kunne a cikin rufaffen wuri, balle da yara a kusa.

Nura: Na gode, Anti. Oga Sale, ɗaurawar fa? Akwai mai walda a bakin kasuwarmu.

Oga Sale Bakanike: In ka samu wadda aka ƙera wa motar, ba ruwanka da walda, da noti ake ɗaure ta a mazaunin ta asali. In kuwa ya zama sai an haɗa, ka kai wa mai waldar argon a Kano. Waldar kabaid ko ta ƙofa da taga a kan sitenles, a nan tsatsa za ta fara, girgizar burji ta ƙarasa tsaga ta. Duk wanda zai kunna injin walda a jikin motar, a cire kan batir tukuna saboda ƙwaƙwalwar. Kada a yar da farantan da ke kare zafi, tankin mai yana kusa. A sa sababbin gaskit da sababbin robobin rataya, tsofaffin sun riga sun bushe. Tsohuwar salansar kuma ka ɗauko abarka ka ajiye, mai sayen mota ya fi son ganin ta asali.

Kabiru Ƙofar Ruwa: Nura, turo mini lambar bodin motar da hoton ƙarƙashinta. Na 2007 da 2008 wani samfurin inji ne da su, mai suna HR, wasu kayansu ba sa shiga taka, kada a aiko mana da wanda ba shi ba.

Nura: Yanzu zan turo, Yaya Kabiru. Invidia ɗin za a fara nema, in ba a samu ba sai HKS.

Oga Sale Bakanike: In ta iso ka kawo motar da sassafe, mu bar ta ta huce. Notocin nan sun shekara ashirin a wurin, sai an jiƙa su da mai kafin a sa sifana, in ba haka ba karyewa za su yi.