Neman kalma: faiba, filet da kulocin da ya yi tauri

Salam 'yan uwa, musamman kanikawan babur na nan Bauchi da malaman Hausa, dan Allah ku matso. Wata uku kenan ina fama da wani tsohon Yamaha TY175 da na sayo a Jos, irin baburan nan na hawan duwatsu da ake tuƙawa a tsaye, wasan da Turawa ke ce wa tirayal. Ba tsere ba ne, gwani shi ne wanda ya haye dutse ya sauko bai sa ƙafa a ƙasa ba, in ka dafa sau ɗaya a rubuta maka maki 1, in ka faɗi 5, mai ƙarancin maki shi ya ci. Tun 1909 ake babbar gasarsa a Sikotland. Ni dai babur ɗin hawan dutse nake ce masa kuma ba wanda ya taɓa tambaya ta me nake nufi.

Kalmar kuloci kam ta zauna, kaman giya da birki, ba mai tayar da ita. Sunayen kayan cikinsa ne matsalar. Na kira wani mai sayar da kayan gyara na ce a sako min filet, ni a raina masu fata nake nufi waɗanda muke ce wa faiba, bayan sati biyu direba ya miƙo min leda na buɗe sai ga na ƙarfe zalla, kuɗin mota ya tafi babur yana nan a kan bulo. Kuma wallahi ban ga laifinsa ba, a garejinmu kowanne filet muke ce masa, wani ma faiba yake ce wa duka biyun.

Ga abin da nake gani. Na farkon, wato mai fatar, mu ce faranti mai kaushi, shi ne mai haƙora ta waje, shi ke cinyewa. Na biyun, na ƙarfen, faranti mai santsi, haƙoransa ta ciki, ba ya saurin cinyewa sai dai zafi ya lanƙwasa shi, in ka kwantar da shi a kan gilashi ka danna gefe za ka ji yana rawa. Wani malami ya ce faifai ya fi faranti zama Hausa, na yarda Malam, to amma faifai ya riga ya tafi wajen CD da bidiyo, ka ce faifan kuloci yaro ya tsaya yana kallonka. Abin da suke zama a ciki, hawsin, kwando ya dace da shi tunda yatsu ne da tsaga-tsaga. Wanda sifirin ke dannawa a sama kuma marfi.

Da waɗannan sunayen na sake oda, na haɗa da hoto da awon kauri da adadin haƙora. Injin TY175 ɗan gida ɗaya ne da na babur ɗin Yamaha DT175, ta nan na samu sauƙi. Mai Bultaco ko Ossa na ƙasar Sifen sai dai ya nemo daga Turai, Bultaco tun 1983 suka rufe masana'anta.

Toh yanzu ga wadda ta fi damuna. Kulocin nan tauri ne da shi, minti goma a kan dutse yatsa ya sage. Na ce wa yaron shago ya sassauta min, sai ya kwance noti ya saki waya, hannun kuloci ya koma yana lilo, faranti ba sa rabuwa, giya ta ƙi shiga, babur yana jan jiki ko ka matse. Yaron daidai ya yi, abin da sassautawa ke nufi kenan. Ni abin da nake so wasan hannun, wato ɗan motsin da yake yi kafin ya fara jan waya, ya tsaya a milimita 2 zuwa 3 yadda yake, ƙarfin matsawar ne kawai zai ragu. Shi ya sa na tsaya a kan tausasa kuloci. Sassautawa aikin noti ne, tausasawa kuma sai ka zuba wa waya mai ka gyara mata hanya kar ta yi kwana mai tsanani, ka goge gurbin da faranti suka ci a yatsun kwando, sannan ka ƙara wa ɗan hannun da ke jikin injin tsawo. Misali in milimita 50 ne ka mai da shi 60, nauyin zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, amma buɗewar faranti ma ta ragu haka, in ka zarce sai ya daina saki. Masu sa sifirin mai laushi su ma suna samun sauƙi, sai dai a tsakiyar hawa kuloci ya fara zamewa, injin na ihu taya ba ta ja.

Wani oga daga Gombe ya ce su lausasa suke cewa. Oga ai duk ɗaya ne, na karɓa, in dai ba sassauta ba. Saura wannan ɗan hannun na jikin injin da waya ke ja, tunda hannun kuloci ya riga ya zama na sama. Na ji wani dattijon bakanike a Wunti yana ce masa kunne, ni kuma maɗaga ce ta zo min. Wanne kuke cewa a garejinku?