Me ya sa ake cewa "Rajab Mudar"?

Ɗalibin ilimi: Assalamu alaikum malamai. Mene ne ma'anar Rajab, kuma me ya kawo sunan Mudar a cikinsa?

Malamin zaure: Wa alaikumussalam. Kalmar daga "tarjibi" take, wato girmamawa. Shi ne wata na 7, ɗaya daga watanni 4 masu alfarma da aya ta 36 ta Suratut Tauba ta ambata. Mudar ƙabila ce da ta tsare alfarmarsa a muhallinsa, alhali ƙabilar Rabi'a Ramadan suke girmamawa su kira shi Rajab. Shi ya sa a hadisin Abu Bakrata na Bukhari da Muslim aka ƙayyade shi: tsakanin Jumada da Sha'aban.

Mai nazarin Larabci: Ƙari kaɗan, Malam. Ana ce masa Al-Fardu domin shi kaɗai ya ware. Zulƙi'ida, Zulhijja da Muharram a jere suke. Sai Al-Asammu, kurma, saboda ba a jin ƙarar makami a cikinsa. Munsilul Asinna kuwa don Larabawa kan cire kan mashi da na kibiya idan ya kama. A kula, Al-Asabbu da "b" wani suna ne daban da Al-Asammu.

Malamin zaure: Mu nan watan azumin tsofaffi muke cewa. Sai dai sunan ba hujja ba ne: Ibnu Hajar ya ce babu hadisi ingantacce kan falalar keɓance Rajab da azumi. Yankan Atira, wato dabbar da ake yankawa a Rajab a jahiliyya, ma an soke wajabcinsa.