Neman kalma: gasar hurling ta kulob-kulob a Munster

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri ƙarfe 4 na yamma, kuma a ɓangaren wasannin ƙetare na ɗauko wata gasa daga ƙasar Ayilan, sunanta Munster Intermediate Club Hurling Championship. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: hurling da intermediate. A agaza.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ƙwallon gora mana, me ya yi zafi?

Mazaunin Cork: A'a Malam, ƙwallon gora hoki ke nan, kuma nan ba hoki ba ne. Mutum 15 ne a kowane ɓangare. Sandar tana da faɗi a kai, ƙwallon kuwa ƙarama ce da aka lulluɓe da fata. Ana cafe ta da hannu, a ɗora ta a kan sandar a ruga da ita, a maka ta a sama. In ta wuce ta saman ƙarfen raga tsakanin dogayen sanduna, maki 1. In ta shiga raga, maki 3. Don haka in ka ga 1-15 a sakamako, maki 18 ke nan. Kada ka karanta "ɗaya da sha biyar" a ɗauka kashi aka ba su.

Tsohon Malami: To ai magana ta ƙare. Na duba hoton sandar, muciya ce sak. Ƙwallon muciya. Kamar yadda muka ce ƙwallon kwando da ƙwallon dawaki, ginin ɗaya ne.

'Yar Damagaram: Baba, Allah ya ja da ranka, in ya faɗi haka a rediyo za a ce gasar tuƙa tuwo ake yi a Turai.

Tsohon Malami: Ke yarinya, ran da aka fara cewa ƙwallon kwando ba wanda ya zo fili da tumatir. Kunne ne yake sabawa.

Ɗan Fagge: A hausantar da shi kawai: halin.

'Yar Damagaram: Gasar halin wa? Halin kirki ko na tsiya? A ce harlin dai.

Mai Shirin Wasanni: Harlin ya zauna a baki. Saura intermediate. Na rubuta "ta matasa".

Mazaunin Cork: Goge shi da sauri. Ba maganar shekaru ba ce sam. Hukumar wasannin gargajiyarsu, GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ta kasa kulob-kulob aji uku bisa ƙarfi: na manya, na tsakiya, na ƙasa. Magidanci mai 'ya'ya yana buga na ƙasan. Munster lardi ne a Ayilan mai gunduma shida: Cork, Kerry, Limerick, Clare, Tipperary da Waterford. Kowace ta fitar da zakaranta na ajin tsakiya, su kara, wanda ya ci ya wuce gasar ƙasa baki ɗaya, wadda ake ƙarƙarewa a filin Croke Park na Dublin. Ga kuma abin da zai ɓata maka fassara: Kerry ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya suka fi ƙwarewa a kai, don haka zakaran ajin manyansu ne yake shigowa wannan gasar. Ka ga in ka ce "zakarun matsakaitan kulob" ka rage wa 'yan Kerry daraja a gida.

Tsohon Malami: Tsaya. Tun ɗazu nake jin kulob, kulob. Ƙungiya ta mutu ne? Kun ƙi muciya, kun rungumi harlin da kulob, gobe ku ce Hausa ba ta da kalmomi. Mutanen nan da kuke magana a kai, sandar da ƙwallon duk da harshensu suke kiransu, camán da sliotar. Har UNESCO ta sa wasan a jerin al'adun gado a 2018. Su suna riƙe nasu, mu muna ta aro.

Ɗan Fagge: Malam, da girmanka, makaranta da alƙalami ma aro ne. Kuma a nan kulob yana da aiki. Akwai ƙungiyar gunduma da ake zaɓo 'yan wasa, akwai ta unguwa ko ƙauye. In ka ce ƙungiya kawai, wacce?

Tsohon Malami: Aron Larabci daban. Ya shekara ɗaruruwa a gidanmu.

'Yar Damagaram: Ni damuwata gunduma da lardi. Ku a Nijeriya lardi sai tsofaffin da suka san zamanin En'e. Mu nan jiha za mu ce wa babban yankin, gunduma ta zo ƙarƙashinta.

Ɗan Fagge: Hajiya, jiha da gwamna take tafiya. Munster ba ta da gwamna. Kuma Hausar Kano ake ji a rediyo.

'Yar Damagaram: Ga shi nan, an fara. Kullum sai ku nuna mana kanku ne ma'auni. Ku da kuka mayar da alli "cok"?

Ɗan Fagge: Wa ya ce cok? Ban taɓa ji ba wallahi.

Mai Shirin Wasanni: Don Allah jama'a, saura minti 40. Ajin tsakiya ko rukuni na biyu?

Mazaunin Cork: Rukuni zai sa masu sauraro su tuna rukunin A da B na gasar kofin duniya. Ajin tsakiya ya fi, kuma ka jingina shi ga gasar, ba ga kulob ɗin ba, saboda Kerry. Ka ƙara musu cewa 'yan wasan ba a biyansu albashi, manoma ne da malaman makaranta da ɗalibai, kowa garinsu yake buga wa. Wannan zai fi burge su.

Mai Shirin Wasanni: Ga abin da zan karanta: "Gasar harlin ta ajin tsakiya, wadda zakarun gundumomin lardin Munster ke bugawa." Na cire kulob daga sunan, zan faɗe shi a bayani. Lardi ya zauna, Hajiya a yi haƙuri.

'Yar Damagaram: Ka ce yankin Munster mana, kowa ya huta.

Tsohon Malami: Ku yi harlin ɗinku. Amma in za ka kwatanta sandar, ka ce mai kama da muciya. Ni dai a ajina ƙwallon muciya zan koyar.

Mai Shirin Wasanni: Zan faɗa sau ɗaya, Baba. Na shiga ɗakin shiri.